Cakulan mai giya a ciki da kiɗan sabuwar shekara

 Duk wanda ya taɓa yin watan Disamba a Jamus ko Ostiriya ya san abubuwa biyu da ba sa wuce shi: kwalin cakulan da maƙwabci ko abokin aiki zai miƙo masa, da kuma kiɗan da ake zuba wa ido a talabijin ranar 1 ga Janairu. In ka gan su sai ka rantse gadon kaka da kakanni ne. Alhali dukkansu 'ya'yan ƙarni na 20 ne, kuma kowanne da abin da ya ƙunsa a ciki.

Mu fara da cakulan. A garin Rüdesheim da ke bakin kogin Rhine, akwai wani mai kamfanin tace barasa daga ruwan inabi, sunansa Hugo Asbach. A zamaninsa abin kunya ne a ga mace mai mutunci tana kurɓar barasa a bainar jama'a, wato rabin kasuwarsa a rufe take. A 1924 sai ya fito da dabara: ya ɗura barasar cikin ƙwayar cakulan. Mace ta jefa a baki a gaban surukarta, ba mai cewa uffan, ai alewa ce.

Kamfanin Ferrero na garin Alba a yankin Piedmont na Italiya ya ɗora a kai a 1956 da Mon Chéri, ƙwayar ceri tana iyo cikin giya, an lulluɓe da baƙin cakulan. Jamusawa suka rungume shi fiye da kowa. Har yau kamfanin kan janye shi daga shaguna da zafi ya shigo, sai kaka ya dawo da shi, a daidai lokacin da mutane ke fara tunanin kyautar Kirsimeti. Ɗalibanmu da ke can, a riƙa juya kwali ana karanta bayansa. Kalmomin Likör, Weinbrand, Rum da Kirschwasser duk giya suke nufi. Mai ba ka kyautar galibi bai ma tuna da haka ba, a wurinsa alewa ce kawai.

Labarin kiɗan ya fi nauyi. Ƙungiyar makaɗan Philharmonic ta birnin Viyana ta fara wannan biki ranar 31 ga Disamba 1939, ƙarƙashin jagorancin Clemens Krauss. Lokacin Hitler ya riga ya haɗiye Ostiriya, yaƙi ya yi wata huɗu, kuma kuɗin da aka tara asusun tallafin hunturu na 'yan Nazi aka kai su. Waƙe-waƙen rawa na gidan Strauss aka zaɓa, masu sanyaya zuciya. Sai a 2013 ƙungiyar ta wallafa binciken masana tarihi a kan kanta: a 1942, makaɗa 60 cikin 123 'yan jam'iyyar Nazi ne, an kori 13 saboda su Yahudawa ne ko suna auren Yahudawa, biyar suka hallaka a hannun gwamnatin. A ganina shekara kusan saba'in da aka yi ana shiru ta yi yawa.

Talabijin ta fara ɗaukar bikin a 1959, zamanin Willi Boskovsky, mai jagorantar makaɗa da gogensa a hannu. Yau ana kallonsa a ƙasashe sama da 90. Ana rufewa da taken Radetzky, jama'a na tafi a kan kari. Johann Strauss babba ya tsara shi a 1848 don kirarin kwamandan da ya murƙushe sojojin Piedmont, yankin da Mon Chéri ya fito.

A 2021, saboda korona, Riccardo Muti ya jagoranci kiɗan a zauren Musikverein ba ɗan kallo ko ɗaya. Aka buga Radetzky daga farko har ƙarshe babu mai tafawa.