Daga Sifirin Zuwa Kwamfuta: Tarihin Ƙara wa Turbo Matsi a Garejin Gida

A shekarar 1989 kamfanin Nissan na Japan ya fito da Skyline GT-R samfurin R32, mota mai inji lita 2.6, silinda shida da turbo biyu. A cikin wani siririn tiyon roba da ke gefen injin akwai ɗan mitsitsin ƙarfe mai huda a tsakiya. Ba a daɗe ba masu motar suka gano cewa idan aka zare shi, matsin iskar da turbo ke turawa yakan tashi daga kimanin bar 0.7 zuwa kusan bar 1, ƙarfin motar ya ƙaru ba tare da an sayi ko noti ɗaya ba. Aikin minti kaɗan ne. Sai dai fankar turbon motar ta tangaran ce, kuma waɗanda kwaɗayi ya kai su gaba da wannan iyaka sun sha ganin fankar ta tarwatse. Riba da asara a tiyo ɗaya: haka wannan sana'a take tun farkonta.

Kafin a bi tarihin, yana da kyau a san abin da ake taɓawa. Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona fetur, fetur kuwa ba ya ci sai da iska. Turbo zugazugi ne irin na maƙeri, illa dai hayaƙin da injin ke fitarwa shi ke zuga shi. Hayaƙin yana juya wata fanka sau fiye da dubu ɗari a minti, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin silinda. Iskar da muke shaƙa a bakin teku tana da matsin kusan bar 1, saboda haka ƙarin bar 1 daga turbo yana nufin an ninka matsin. Don kada abin ya wuce gona da iri, akwai wata ƙofa da sifirin ke riƙe da ita. Da matsi ya kai iyakar da aka tsara, sai ƙofar ta buɗe, wani ɓangare na hayaƙin ya kewaye fankar ya fice ta salansa. Duk wata dabarar ƙara matsi, ta da da ta yanzu, manufarta ɗaya ce: a jinkirta buɗewar wannan ƙofa.

Injiniya Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ne ya yi rajistar fasahar a 1905, amma ta shafe fiye da rabin ƙarni tana hidima a jiragen ruwa, jiragen sama da manyan injunan dizal. Sai a 1962 ta shiga motocin shiga na talakawa a Amurka, cikin Chevrolet Corvair Monza Spyder da Oldsmobile Jetfire. Jetfire ce ta fara koya wa duniya darasin da har yau ake maimaitawa. Iska idan aka matse ta zafi take yi, zafi da matsi kuma sukan sa fetur ya fashe da kansa a cikin silinda maimakon ya ci a hankali, fashewar da ke iya fasa fistin. Maganin da Oldsmobile ya kawo shi ne wani tanki na ruwa gauraye da sinadarin metanol da ake fesawa cikin injin don ya huce. Masu motocin suka riƙa barin tankin ya ƙafe, koke-koke suka yi yawa, aka daina ƙera ta bayan shekara biyu, ba ta kai dubu goma ba.

Turawa ne suka farfaɗo da ita a shekarun 1970. BMW 2002 Turbo ta fito a 1973, Porsche 911 Turbo mai ƙarfin doki 260 ta biyo a 1975, sai Saab 99 Turbo ta Suwidin a ƙarshen shekarun. A nan ne hannun mai gareji ya fara shiga. Porsche ta zo da sifirin da ke buɗe ƙofar hayaƙi a bar 0.8, masu ita kuwa suka koyi sauya shi da mai tauri na bar 1. Wasu suka ɗauki hanya mafi araha: su yanke tiyon da ke kai matsi ga ƙofar, su sa ɗan bawul da ke zurarar da iska, ƙofar ta ga kamar matsi bai kai ba alhali ya wuce. Filin tsere ma yana rura wutar, domin tun da Renault ya shigo da turbo gasar Formula 1 a 1977 matsi ya zama abin alfahari, har hukumar gasar ta kafa iyakar bar 4 a 1987, ta rage zuwa 2.5 a 1988, ta haramta turbo a 1989.

Matsalar wancan zamani ita ce injin ba shi da bakin faɗin ciwonsa. Mutum ya ƙara iska, amma famfon mai da bututun feshi ba su ƙara fetur daidai da ita ba, wuta ta yi zafi fiye da kima, fistin ya narke ko gasket ya ƙone. Mutane da yawa garin neman gira suka rasa ido. Saab ne ya kawo sauyi a 1982 da tsarin APC, wanda ya sa wa injin na'urar sauraron fashewar fetur a cikin silinda: da ta ji ta, sai ta rage matsi nan take. Manufar kamfanin ita ce motar ta iya shan fetur mai inganci daban-daban ba tare da ta lalace ba. Daga nan iko da ƙofar hayaƙi ya fara barin hannun sifirin yana komawa hannun lantarki, kuma masu Saab ba su ɓata lokaci ba wajen buɗe akwatin APC su murɗa maɓallansa.

Zamanin da abin ya fi bunƙasa na Japan ne. Daga ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin ƙasar suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su tallata motar da ta wuce ƙarfin doki 280 a kasuwar cikin gida ba, yarjejeniyar da ta ɗore har 2004 lokacin da Honda Legend ta fito da 300. Amma gasa ba ta tsaya ba. Nissan ya ƙera injin R32 ne da niyyar tsere, kuma motar ta lashe duka tsere 29 da ta shiga a gasar motocin Japan tsakanin 1990 da 1993, ta kuma ci tseren Bathurst a Ostareliya a 1991 da 1992. Ma'ana, ana sayar wa jama'a injin da aka gina don ɗaukar nauyin da ya fi wanda aka ɗora masa nesa ba kusa ba. Haka Toyota Supra ta 1993, mai injin 2JZ da gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe: buɗe salansa da ƙara matsi kaɗai sukan kai ta wajen ƙarfin doki 400.

Kasuwa ta taso a kan wannan rara. Kamfanin HKS, wanda Hiroyuki Hasegawa ya kafa a 1973 a gindin dutsen Fuji, ya fito da na'urar EVC a 1987, wadda ta ba direba damar sauya matsi daga kujerarsa. Kamfanoni irin su GReddy, Blitz da Apexi suka kawo nasu. Kamfanonin mota sun sa wa ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutarsa, umarnin yanke fetur idan matsi ya wuce iyaka, sai kasuwa ta fito da na'urar da ke ɓoye wa ƙwaƙwalwar gaskiyar matsin. Wannan ita ce dabara mafi haɗari a cikinsu, domin mai gadi aka rufe wa ido, ba ɓarawo aka kora ba. Wasan Gran Turismo na 1997 da fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 suka kai sha'awar ga matasan da ba su taɓa riƙe sifana ba.

Masu hankali a cikin sana'ar sun fitar da tsari daga asarar da aka tafka. Kafin a taɓa matsi, a sa agogon auna shi. A sa na'urar auna yawan iska da fetur a cikin hayaƙi. A faɗaɗa na'urar sanyaya iska, a tabbatar famfon mai zai iya, a sha fetur mai jure matsi, sannan a ƙara kaɗan kaɗan ana dubawa. Sun kuma gane cewa kowane turbo yana da iyakar da idan ya wuce ta, zafi kawai yake ƙarawa, ƙarfi ba ya ƙaruwa.

Daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa sababbin motoci soket ɗin OBD-II don binciken hayaƙi, kuma ta wannan soket ɗin ne aikin ya sake kama. A da sai an buɗe ƙwaƙwalwar mota an sauya ɗan guntun lantarki da ke cikinta. Daga baya na'urori irin su Accessport na kamfanin Cobb suka ba mai Subaru damar loda sabon tsari a ƙofar gidansa, yanzu kuwa wasu masu BMW da wayar hannu suke yi. Wannan ci gaba ne na gaske, saboda ana daidaita matsi, fetur da lokacin tartsatsin filogi tare, na'urorin kariya kuma suna nan a farke. Amma sauƙin ya zo da nasa tarkon: mutum zai iya loda tsarin da wani ya rubuta don wata ƙasa, wani fetur da wani yanayi, bai san abin da ke ciki ba.

Hukuma ma ta farka. A Jamus ƙarin ƙarfin da ba a duba aka yi wa rajista ba yana soke izinin hawa titi. A Ingila wajibi ne a sanar da kamfanin inshora. A Amurka hukumar kare muhalli ta ci tarar kamfanoni da dama kan sayar da kayan da ke kashe na'urorin tace hayaƙi. Kamfanonin mota kuma suna iya gane an taɓa ƙwaƙwalwar, su janye garanti.

Wannan tarihi ya fara shafarmu, domin ƙananan injuna masu turbo sun cika motocin Turai da Amurka na yanzu, kuma su ne ke isowa kasuwanninmu a matsayin na hannu. Rarar da injiniya ya bari a cikin inji ba mantuwa ya yi ba. Ya bar ta ne saboda ranar zafi, fetur mara kyau, matatar iska da ƙura ta toshe, da injin da ya tsufa. Wanda ke tuƙi a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya riga ya ci wani kaso na wannan rara tun bai taɓa komai ba. Sha'awar gyara mota da hannunka abu ne mai kyau, kuma daga irin waɗannan gareji ne ƙwararru da yawa suka fito. Amma duk wanda zai ƙara matsi, ya fara sayen abin aunawa, ya gyara birki da tayoyi, ya san fetur ɗin da yake sha, kuma ya kai gwajin gudunsa filin da aka keɓe, ba titin da yara ke tsallakawa zuwa makaranta ba.