Idon Baƙo da Ginin Gari: Maroko a Kallon Masu Zuwa da Masu Zama

A shekarar 2024 masu yawon buɗe ido miliyan 17.4 suka shiga Maroko, adadin da ya sa ta sha gaban kowace ƙasa a Afirka a wannan shekara. Akasarinsu sun ɗauko ƙasar a cikin kansu tun kafin jirgi ya sauka: lunguna masu ƙunci, jakuna da kaya, ƙamshin kayan yaji, shayin na'ana'a, mutane cikin jallabiya waɗanda zamani bai taɓa ba. Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne cewa wannan hoto ya wuce ra'ayin baƙi kawai. An mayar da shi doka a zamanin mulkin mallaka, daga baya aka mayar da shi haja, har ya kai ga shi ne ya tsara yadda wasu biranen Maroko suke a yau. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Makantar baƙon da ba shi da iko nasa ce shi kaɗai, amma idan yana riƙe da mulki ko kuɗi, 'yan gari ne ke zama cikin abin da ya kasa gani.

Ana iya ɗauko zaren daga 1832, lokacin da mai zanen Faransa Eugène Delacroix ya sauka Tanja cikin tawagar jakadan da aka aika wa Sarki Maulaye Abdurrahman a Meknes. A wasiƙunsa ya nuna cewa ya tarar da Rumawa da Girkawan dauri suna tafiya da ƙafafunsu a kan titi. Yabo yake nufi, amma yabon da ya cire mutane daga zamaninsu ya ajiye su a wani zamanin da ya shuɗe. Shekara biyu kacal kafin nan Faransa ta kama Aljiyas, kuma batun da ya kawo tawagar ke nan, wato siyasar ranar ce tsagwaronta. Mai zane bai ga wannan ba, ko kuma bai ga abin zanawa a cikinsa ba. Henri Matisse ya biyo sawu a 1912, yana leƙen Tanja ta tagar ɗakinsa na otal. Edith Wharton, marubuciyar Amurka, ta zagaya ƙasar a 1917 a matsayin baƙuwar gwamnan mulkin mallaka, ta fitar da littafinta a 1920 cike da jinjina ga mai masaukinta.

Wannan mai masauki, Hubert Lyautey, shi ne ya mayar da kallo ya zama gini. Bayan yarjejeniyar Fas ta 1912 da ta sa Maroko ƙarƙashin Faransa, ya yanke cewa ba za a taɓa tsofaffin birane ba. Shi da mai tsara masa gari Henri Prost suka shata sababbin unguwanni a wajen ganuwa, masu faffaɗan tituna da lantarki da magudanan ruwa, irin su Geliz a Marakesh. Aka ɗauke fadar mulki daga Fas zuwa Rabat, harkar kuɗi ta koma Kasabalanka. Dole a yi wa mutumin adalci: ba don wannan shawara ba, da wataƙila an rusa cikin birnin Fas kamar yadda aka yi wa wani sashe na tsohon Aljiyas, kuma dokarsa ta hana wanda ba Musulmi ba shiga masallatai tana aiki har yau, in ban da ɗaiɗaiku kamar Masallacin Hassan na Biyu. Sai dai birnin da aka hana shi canzawa an kuma hana shi jari. Manyan gidajen Fas suka bi kuɗi zuwa Kasabalanka, talakawan karkara suka cika gidajen da aka bari, iyalai da yawa a gidan da aka gina wa iyali ɗaya. Masaniyar zamantakewa Janet Abu-Lughod, a nazarinta kan Rabat na 1980, ta kira wannan tsari wariyar launin fata ta hanyar tsara birni. Tsufan da baƙon yau ke ɗauka a hoto yana cewa asali ne, wani ɓangarensa sakamakon shawarar ofis ne da ba ta wuce ƙarni ɗaya da 'yan kai ba.

Babu inda aka fi ganin wannan rabo kamar majemar Shuwara ta Fas. Ana hawa da baƙi benayen shagunan fata da ke kewaye da ita, a miƙa wa kowa ɗan reshen na'ana'a ya toshe hanci. Daga sama, ramukan rini suna jere kamar faranti mai launuka. A ƙasa kuwa mutum ne tsaye cikin ruwan farar ƙasa da kashin tantabara har cinya, yana tattaka fata. Na saman yana ganin tarihi, na ƙasan yana neman abin cefane, kuma ba ƙaramin abin lura ba ne cewa bene aka tanada don kallon, ba bakin rami ba. Mai karatu daga Kano ko Sakkwato yana da ƙarin dalilin murmushi a nan, domin wani kaso na abin da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, fatar jar akuyar ƙasar Hausa ce da ta ƙetare Sahara. Ko hajar da aka san ƙasar da ita, idon baƙo bai bi ta zuwa tushenta ba.

Za a iya cewa wannan laifin masu wucewa ne, mai zama ya fi su gani. Tarihin Tanja bai goyi bayan haka sosai ba. Daga 1923 zuwa 1956 birnin yana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwar ƙasashen waje, da sassaucin haraji da na doka, sai ya zama mafakar marubuta da attajirai da masu gudun idon hukuma a ƙasashensu. Paul Bowles ya tare a can a 1947, bai tashi ba har rasuwarsa a 1999. Ba za a ce bai yi aiki ba. A 1959 ya zagaya ƙasar yana naɗar kiɗan gargajiya wa Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka, ya fassara labaran baka na Muhammad Mrabet, kuma shi ya fitar da tarihin rayuwar Muhammad Shukri da Turanci a 1973, shekaru kafin littafin ya fito da Larabcin da aka rubuta shi. Shukri yaro ne da yunwar yankin Rif ta koro iyayensa zuwa Tanja, ya kwana a titi, bai koyi karatu ba sai yana ɗan shekara 20. Birnin da baƙi ke kira aljannar 'yanci, shi a cikin bolarsa ya nemi abinci. Daga baya ya rubuta littafi a kan Bowles, inda ya zarge shi da son Marokon da ya tarar a ƙuruciyarsa fiye da son mutanenta da ke raye a gabansa. Ko da an rage wani abu saboda rikicin kuɗin littafi da ya shiga tsakaninsu, zargin yana da nauyi: shekara hamsin a gari ba ta hana mutum kewar talaucin da ya sa garin ya yi masa araha da daɗi.

George Orwell, wanda jinyar huhu ta kai shi Marakesh a 1938, ya fi yawancinsu faɗa wa kansa gaskiya. A maƙalarsa ta 1939 ya amsa cewa tun saukarsa ya lura da azabar da ake ba jakuna, amma sai da ya yi makonni kafin ya ankara cewa tsofaffin matan da ke wuce ƙofarsa da dammunan itace mutane ne. Ya gane cewa mulkin mallaka ya dogara ne da wannan rashin gani. Duk da haka, a maƙalar tasa ma babu Bamaroke ɗaya da aka ba suna.

Ba daidai ba ne a tsaya a nan kamar idon baƙo ɓarna kawai yake yi, kuma a ganina nan ne masu bin Edward Said, mai sukar yadda Turawa ke kallon Gabas, ido rufe sukan zarme. Dandalin Jami'ul Fana na Marakesh, inda masu tatsuniya da makaɗa da masu maganin gargajiya ke kafa da'ira kowace yamma, ya fuskanci barazanar gine-ginen zamani a shekarun 1990. Marubucin Sifaniya Juan Goytisolo, wanda ya zauna a cikin birnin kuma ya koyi Larabcin kasuwa, yana cikin waɗanda suka kai maganar ga UNESCO, aka ayyana dandalin cikin al'adun da za a kare a 2001, kuma fafutukar ta taimaka wajen haifar da tsarin kare al'adun da ba gini ba ne a duniya baki ɗaya. Lambun Majorelle na Marakesh ma da ya zama otal ba don Yves Saint Laurent da Pierre Bergé sun saye shi a 1980 ba. Sai dai a duba abin da ya biyo baya. Mai tatsuniya yana bukatar masu jin harshensa su zauna awa guda, mai yawon buɗe ido kuwa hoto yake so cikin daƙiƙa goma. Masu wasa da maciji da biri da masu sayar da ruwan lemo suka yi yawa, tsofaffin masu ba da labari suka yi ta raguwa. An ceci filin, abin da aka ce don shi aka cece shi yana ta janyewa.

Zamanin da ake ciki ya faro ne a 2001, da gwamnati ta sa burin baƙi miliyan 10 kafin 2010, sannan yarjejeniyar buɗe sararin sama da Tarayyar Turai a 2006 ta kawo jiragen araha irin su Ryanair da easyJet. Turawa suka shiga sayen tsofaffin gidajen cikin birni da ake kira riyad. Gidan riyad baya yake ba titi: katanga ba taga, ƙofa ƙarama, sai an shiga a ga tsakar gida da maɓuɓɓugar ruwa da itacen lemo. Bahaushen da ya tashi a gida mai zaure ba ya bukatar a yi masa bayanin hikimar wannan gini. Rufin soro kuma a al'ada wurin mata ne, can suke shanya, can suke hira da maƙwabta. Da gidan ya zama masauki, rufin ya zama wurin shan hantsi da kayan wanka, yana kallon tsakar gidan maƙwabci. An gyara gidaje masu yawa da suka kusa rushewa, magina da masu aikin tayil da sassaƙa sun samu aiki, wannan gaskiya ne. Amma farashi ya tashi, masu gida suka sayar suka koma unguwannin bayan gari, 'ya'yansu suka dawo lungun da aka haife su a matsayin masu dafa karin kumallo. Baƙon da ya zo neman zama cikin jama'a, zuwansa ne ke rage jama'ar. Girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta tona wannan karkata a fili: ta kashe mutum fiye da 2,900, akasarinsu a ƙauyukan duwatsun Atlas, amma tambayar farko a kafofin watsa labarai da yawa na waje ita ce ko hasumiyar masallacin Kutubiyya na Marakesh na nan tsaye.

Akwai kuma baƙin da ba su cika shiga irin wannan nazari ba, waɗanda ke zuwa daga kudu. 'Yan Tijjaniyya daga Kano da Zinder da Kaulaha suna zuwa Fas ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815. Suna bin lungunan da Bature ke bi, suna kauce wa alfadari ɗaya, amma su ba tsufan gini suka zo gani ba, kuma ƙofar da aka rufe wa Bature a buɗe take gare su. Hukumar Maroko ta san darajar wannan alaƙa, shi ya sa a 2015 ta buɗe cibiyar horar da limamai a Rabat da ke karɓar ɗalibai daga Afirka ta Yamma. Sai dai kada mu yi saurin wanke kanmu. Mai ziyarar da ya dawo yana cewa Maroko ƙasar waliyyai ce shi ma hoton da ya tafi da shi ya dawo da shi. Bai ga matasan da suka gama jami'a ba aiki ba, bai ji koken Rif da ya ɓarke a 2016 ba, kuma da wuya ya tambayi yadda kakannin makaɗan Ginawa, waɗanda har yau ake jin ambaton Hausa da Bambara a waƙoƙinsu, suka isa ƙasar. Yawancinsu a matsayin bayi aka kai su.

A dazukan da ke kusa da Nador da Tanja kuma akwai wasu baƙin, matasan Sudan da Gini da Kamaru da Najeriya, waɗanda Maroko a wurinsu zango ce kafin ruwa mai faɗin kilomita 14 da ya raba ta da Sifaniya. Gwamnati ta ba dubbai daga cikinsu takardar zama a 2014 da kuma zagaye na biyu da aka fara a ƙarshen 2016. A ranar 24 ga Yuni 2022 aƙalla mutum 23 suka mutu a shingen Melilla, garin Sifaniya da ke gaɓar Maroko. Ɗan fanshon Faransa yana shiga Maroko ba biza ya yi kwana 90, ɗan Najeriya sai da biza, shi kuma ɗan Tanja da ke hango fitilun Sifaniya daga bakin teku, tun 1991 sai ya yi layi a ofishin jakadanci. Littattafai da finafinai da hotunan da duniya ta san Maroko da su, kusan dukkansu daga rukunin farko suka fito, rukunin da zai iya tafiya duk ranar da ya gaji. Na biyu da na uku sun san farashin ɗakin haya a unguwar Takaddum ta Rabat da ranar da 'yan sanda ke kai samame, amma ba su ake tambaya ba idan ana tsara yadda birni zai kasance kafin gasar cin kofin duniya ta 2030, wadda Maroko za ta ɗauki nauyi tare da Sifaniya da Fotugal.