Tarihin Allurar Ciwon Sukari, Da Maganar Famfo

Yau za mu ba ku tarihin maganin nan da a ke kira insulin, don mai ciwon sukari, ko wanda ɗansa ke da shi, ya san abin da zai tambaya in an yi masa maganar famfo.

Ciwon sukari iri biyu ne. Wanda ya fi kama manya, sau da yawa ƙwaya da kiyaye abinci na riƙe shi. Wanda ya fi kama yara kuwa, shi jiki ne ke daina yin insulin ɗungum, watau ruwan da wani ɗan nama a bayan tumbi ke yi don ya shigar da sukari cikin tsoka. Kafin 1922, yaron da irin wannan ya kama ba ya daɗewa. Ya yi ta shan ruwa, ya yi ta fitsari, ya yi ta ramewa. Iyakar dabarar likitoci ita ce su rage masa abinci har ya kusa zama yunwa, su ja masa 'yan watanni.

A cikin 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Likita Frederick Banting da wani ɗalibi, Charles Best, suka tatso ruwan nan daga jikin karnuka. A watan Janairu 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa. Ta fari ba ta yi kyau ba, don ruwan bai tace ba. James Collip ya tace shi, aka sake yi, sukarin yaron ya sauka. Ya ƙara shekara 13 a duniya. Da aka zo maganar kuɗi a 1923, masu haƙƙin maganin suka sayar wa Jami'ar Toronto a kan dala ɗaya ɗaya.

Shekara sittin ana samo insulin daga shanu da aladu. Sai a 1982 aka fara sayar da irin na ɗan Adam, wanda a ke sarrafawa a masana'anta, kuma shi ya fi yawa yanzu. Mai ƙyama sai hankalinsa ya kwanta. Kayan allura ma sun sake. Da can sirinji na gilashi ne, kullum a tafasa shi, tsinin ya dakushe a wasa. Sa'an nan na roba ya zo, a 1985 kuma aka fito da mai kama da alƙalami a ƙasar Denmark.

To, sai famfo. A farkon shekarun 1960 wani likita a Amurka, Arnold Kadish, ya ƙera na fari, amma girmansa ya kai jakar da a ke goyawa, bai shiga hannun jama'a ba. A 1978 likitocin asibitin Guy's a London suka nuna ana iya ɗura insulin kaɗan kaɗan ƙarƙashin fata dare da rana. Na yau bai fi ƙaramar wayar hannu ba. Ana maƙala shi a ƙugu, siririn tiyo ya shiga fatar ciki, in za ka ci tuwo ka danna ya ƙara. Amfaninsa a fili ya ke: sukar allura ta ragu, sukari ya fi daidaita.

Amma fa ku saurara da kyau. Famfo ba ya ɗaukar sai insulin mai saurin aiki, wanda ke ƙarewa a jiki cikin 'yan sa'o'i. In tiyo ya toshe, ko batir ya mutu, babu sauran magani a jikinka. Kafin gari ya waye jini na iya gurɓata, amai ya taso, numfashi ya yi nauyi, har a suma. Tiyon nan kuwa duk kwana biyu ko uku a ke sake shi, sa'an nan dole a riƙa auna sukari sau da yawa kowace rana. A Amurka ma kuɗin famfon dala dubbai ne, ban da kayansa na wata wata.

Sabo da haka, kai mutumin Kudan, ko Hunkuyi, ko Makarfi, ko Ikara, kafin ka sayar da rakenka ko ɗan'uwa ya aiko maka da shi daga waje, tambayi kanka. Ina zan sami tiyo bayan wata shida? Ina zan sami wuta ko batir? In ya tsaya da tsakar dare cikin damina, wa zai kai ni Asibitin Koyarwa na Shika, kuma akwai likitan da ya san irinsa? In amsa ɗaya ta gagara, allura ta fi maka, muddin ba ka fashi. Wanda ya sa famfon ma, kada ya rabu da sirinji a gida.

Ko wanne ka ke yi, zafi na kashe ƙarfin insulin, balle na bazara. Kada ka bar shi a rana. In babu firji, sa kwalbar cikin wani mazubi mai murfi, ka ajiye a randa mai sanyi cikin inuwa. Kwalbar da aka buɗe, kada ta wuce wata guda. In za ka gona, riƙe ɗan gutsuren mazarƙwaila a aljihu. Da ka ji rawar jiki da gumi da jiri, tsotsa nan da nan, kuma ka gaya wa malamin ɗakin shan magani ran da ka zo.