Jidda: wuraren da baƙo zai gani da abin da zai kiyaye

A zango da wuya a sami gidan da ba a san sunan Jidda ba, amma yawancin Alhazai da Hajiyoyinmu abin da suka sani na garin bai wuce filin jirgi ba: jiran awon kaya, layin fasfo, sai kuma jirgin da zai dawo da su Ankara ko Tamale. Yanzu da samari da 'yan kasuwa suke yawan zuwa Umara, tambayar abin da ake gani a Jidda ta yawaita. Wannan bayani na mai kwana ɗaya zuwa uku ne a garin.

Garin kansa

Jidda tana bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 80 daga Makka. Ita ce birni na biyu a girma a Saudiyya bayan Riyad, mutanenta sun kusa miliyan 4. A shekara ta 647 Halifa Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya mai da ita tashar jiragen ruwa ta Makka, a madadin Shu'aiba. Tun daga nan ta zama ƙofar mahajjatan da suka biyo ta teku. Kakanninmu da suka tafi a ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, wasu suna shekaru a hanya suna noma da ƙwadago don neman guzuri, a Suwakin ko Fot Sudan suke shiga jirgin ruwa, a Jidda suke sauka.

Larabawa suna yi mata kirari da amaryar Bahar Maliya. Wanda ba Musulmi ba yana iya shigarta, ba kamar Makka ba, don haka maƙwabcinku Kirista da aiki ya kai shi can zai iya zaga duk wuraren da za a ambata. Hedikwatar Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da ta Bankin Raya Ƙasashen Musulmi duk a garin suke. Agogonsu yana gaba da na Gana da awa 3, ranakun hutunsu Juma'a da Asabar.

Tsohon gari, Al-Balad

In yini ɗaya kawai gare ku, a nan za ku kashe shi. Al-Balad shi ne cikin birni na asali, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Da can ganuwa ta kewaye shi. Wani kwamandan sarakunan Masar mai suna Husaini Al-Kurdi ya gina ta a farkon ƙarni na 16 don tsoron Turawan Fotugal, waɗannan dai da suka gina sansanin Elmina a ƙasarmu. Sun zo da jiragen yaƙi a 1517, suka koma ba su ci garin ba. An rushe ganuwar a 1947 da gari ya faɗaɗa, amma sunayen ƙofofin suna nan, har an sake gina wasu don tunawa: Bab Makka, Bab Sharif, Bab Jadid.

Abin da zai fara tsai da ido shi ne gidajen. Da dutsen murjani da ake haƙowa a bakin teku aka gina su, hawa huɗu, biyar, wasu sun fi haka, ana saka katako tsakanin jerin duwatsu don kada bango ya tsage. A fuskar kowane gida akwai tagogin katako da suka turo waje, an sassaƙa su da ƙananan ramuka. Sunansu rawashin. Iska tana shiga ta ramukan ta sanyaya ɗaki, matan gida suna ganin titi, na titi ba ya ganinsu. Magina da kafintocinmu, musamman masu koyon aiki, su tsaya su duba da kyau. Mutanen da ba su da lantarki sun san yadda ake korar zafi daga ɗaki, mu kuwa muna zuba bulo da kwano muna kwana cikin gumi.

Gidan da ya fi suna shi ne Baitu Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881 don attajiri Umar Nasif. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi Jidda a ƙarshen 1925. Matakalarsa mai faɗi ce, ba ta da tsayi sosai, ana cewa an yi ta haka don raƙumi ya iya hawa da kaya zuwa sama. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar dogon yaro. Mutanen gari suna ba da labarin cewa an yi zamanin da ita kaɗai ce bishiya a Jidda, har ana kwatancen gidan da ita. Abin dariya ne ga wanda ya taso inda dogon yaro yake a kowane lungu, amma yana nuna irin ƙarancin ruwan da garin ya yi fama da shi kafin a fara tace ruwan teku.

Kusa da nan akwai Masallacin Shafi'i, wanda ake ɗauka mafi tsufa a garin, an gyara shi kuma ana salla a ciki. Sai Kasuwar Alawi mai ratsa tsakiyar unguwar: turare, dabino, zannuwa, jallabiyoyi, carbi, kayan yaji. Ana ciniki kamar yadda ake yi a Makola ko Kejetiya, don haka kada ku biya kuɗin farko da aka faɗa. Kuma kada ku je da rana tsaka. Shaguna da yawa a rufe suke, zafi ga yawa. Bayan La'asar gari yake farkawa, bayan Isha'i ya cika. A watan azumi kuwa har asuba ana hada-hada.

Daga gefen tsohon gari akwai maƙabartar da ake kira ta Uwarmu Hauwa'u. Tun ƙarnoni da suka wuce matafiya suke rubuta cewa a nan kabarinta yake, wasu ma suna cewa daga kalmar Larabci mai nufin kaka garin ya sami sunansa. Babu wani ingantaccen nassi da ya tabbatar da haka. An rushe ginin da ke kan wurin a shekarun 1920, aka shafe shi da siminti a 1975. Abin da za ku gani yau katanga ce da ƙofa ta maƙabarta irin kowace. Duk direban da ya ce a ƙara masa kuɗi zai kai ku ku ga kabarin da idonku, cin kuɗinku zai yi.

Bakin teku

Titin bakin teku, wanda suke kira Kornish, ya kai kimanin kilomita 30. Shiga kyauta ne. Da dare iyalai suke zuwa da tabarma da butar shayi su zauna, yara suna wasa. Daga nan ake kallon Maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985. Ruwan teku ne injuna suke harbawa sama fiye da mita 260, babu irinta a tsawo a duniya. Da dare ta fi kyau saboda fitilu.

Can arewa akwai Masallacin Rahma, shi ma na 1985, wanda aka kafa a kan ginshiƙai cikin ruwa. In teku ya cika sai a ga kamar yana yawo a kai. Ƙarami ne, kuma a lokacin Umara motocin baƙi sukan cika wurin, amma sallar Magariba a can tana da daɗi. Ba wurin ziyarar ibada ba ne, masallaci ne kamar sauran.

Za ku kuma ga manyan sassaƙe-sassaƙe na ƙarfe da dutse a shataletale da gefen ruwa. Aikin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi ne, wanda a shekarun 1970 da 1980 ya sayo ayyukan fitattun masu sassaƙa na duniya irin su Henry Moore da Joan Miró. Mai yara zai iya kai su gidan kifaye na Fakieh, akwai kuɗin shiga. Sandar tutar Jidda mai tsawon mita 171 ana hango ta daga mota, ba sai an sauka ba. Hasumiyar Jidda kuma, wadda ake so ta wuce mita 1,000, an fara ta a 2013, aiki ya tsaya a 2018, aka koma kansa a 2025. Ba wurin shiga ba ne tukuna.

Ga samari

Babban filin ƙwallon garin shi ne na Sarki Abdullahi, ana ce masa Al-Jauhara, an buɗe shi a 2014, yana ɗaukar 'yan kallo sama da 60,000. Ƙungiyoyi biyu suke raba garin: Al-Ittihad da aka kafa a 1927, da Al-Ahli ta 1937. A 2023 Ittihad ta ɗauko Benzema da Kante, Ahli ta ɗauko Mahrez da Mendy da Kessie. A Jidda Manchester City ta ci kofin ƙungiyoyin duniya a Disambar 2023, a nan kuma Usyk ya sake doke Anthony Joshua a Agustan 2022. Tseren motoci na Formula 1 ya fara a bakin teku a Disambar 2021. Tikitin wasa ta intanet ake saye, ku nema da wuri in ranar karawar Ittihad da Ahli ce.

Ci da sha

Albaik, kazar da Alhazai suke dawowa da labarinta, a Jidda aka fara ta a 1974. Ku ci, amma kada ku tsaya nan. Garin bakin teku ne, abincinsa na gaske kifi ne. A babbar kasuwar kifi, wadda suke kira Bangala, mutum yana zaɓar kifinsa da safe, a gyara masa, a soya ko a gasa a nan kusa. Ku nemi sayadiyya, shinkafa ce da aka dafa da albasa mai ƙauri ana ci da kifi. Da safe akwai ful da burodin tamis, da yamma mutabbak. Sannan in kun ji ana cewa siriye, ku matsa kusa: naman gashi ne da garin gyaɗa da yaji. Tsirenmu ne, cincinga dai, Hausawa suka kai shi ya zama abincin Hijaz.

Mutanenmu na can

Wannan tsiren yana da tarihi. Cikin waɗanda suka tafi Hajji a ƙasa, da yawa ba su dawo ba. Suka zauna a Makka da Madina da Jidda, Larabawa suna kiransu Takari. Jikokin wasunsu 'yan ƙasa ne yau, masu laƙabin Hausawi, Fallata ko Barnawi. Usama Hausawi, wanda ya yi wa Saudiyya kyaftin a gasar cin kofin duniya ta 2018 kuma ya buga wa Al-Ahli, sunansa kaɗai ya faɗi asalinsa. Wasu kuwa an haife su a can, iyayensu ma haka, amma ba su taɓa samun takarda ba.

Iyayenmu da suka je shekarun baya sun san unguwanni irin su Karantina, Sabil, Gulail da Kandara, inda ake jin Hausa a titi, ake samun tuwo da koko. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe unguwanni fiye da 60 a Jidda, waɗannan suna ciki, ta ce an gina su ba bisa tsari ba. Dubban iyalai suka watse. An yi wa 'yan ƙasa masu takardar mallaka alkawarin diyya, baƙi masu haya da marasa takarda kuwa sai suka nemi inda za su sa kansu. Saboda haka Baba ko Hajiya da suka ba ku tsohon kwatance su ce ku gaida ɗan uwa a Karantina, ku nemi lambar wayarsa tun kuna gida. In kun je da kwatance kaɗai, fili za ku tarar.

Takarda, doka da aljihu

Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a Satumbar 2019. Mai bizar Umara yanzu yana iya zaga biranen ƙasar. Bizar Hajji ba haka take ba: iyakarta Makka, Madina da Jidda, ba ta ba da izinin aiki ko zama ba, kuma Alhaji yana ƙarƙashin shugabannin tawagarsa, kada ya fita sai da saninsu. Samari su ji wannan da kyau, don akwai masu ruɗin mutane su ce ka shiga da Umara ka ɓace ka nemi aiki. Wanda ya wuce wa'adinsa yana fuskantar tara, tsarewa, kora, da hana shiga na shekaru, wato har Hajjin da yake fata nan gaba ya sa a haɗari. Gana tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda, ku riƙe lambarsa da hoton fasfonku a waya.

Kada ku karɓi jakar kowa ko ƙunshin saƙo da ba ku buɗe kun gani ba, ko da na ɗan unguwa ne. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a can yana kaiwa ga kisa, tiramadol ma yana jefa mutum kurkuku. Mai shan maganin asibiti ya tafi da takardar likita. Goro kuma, hukumomin Alhazai sun sha gargaɗi a bar shi a gida, kakanninmu su yi haƙuri. Kada ku ɗauki hoton mutane, musamman mata, ba da izininsu ba, ko hoton 'yan sanda da gine-ginen gwamnati. Sutura ta kamala ake so ga maza da mata.

Wanda zai sauka Jidda da niyyar Umara ya tambayi malaminsa maganar miƙati kafin ya hau jirgi, domin mafi yawan malamai ba sa ɗaukar Jidda miƙati ga wanda ya taho daga waje.

Garin ba na tafiya a ƙafa ba ne in ban da tsohon gari da bakin teku. Uber da Careem sun fi tasi na titi kwanciyar hankali, tunda ana ganin kuɗin kafin a shiga. Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana da tasha a filin jirgin sama da wata a Sulaimaniyya. Makka wajen rabin awa ce, Madina kimanin awa 2. Dala ɗaya riyal 3.75 take, farashin ba ya motsi, don haka ya fi sauƙi ku canza sidi zuwa dala tun a gida.

Daga Nuwamba zuwa Maris ne yanayi yake da dama. Sauran watanni zafi ne mai gumi, ya fi na Ankara nesa ba kusa ba, masu hawan jini da ciwon sukari su riƙa yawo da ruwa, su bar fita sai rana ta yi sanyi. Ruwan sama bai cika zuwa ba, amma in ya zo tituna sukan cika nan da nan. Ambaliyar Nuwambar 2009 ta kashe mutane fiye da 100. In kun ga saƙon gargaɗin ruwa ya shigo wayarku, ku zauna a masauki har ya wuce.