Zaɓin ɗan Adam da ilhamin dabba: Waiwaye daga masarautar Gumel

A kowace kaka, lokacin da garken shanu ke gangarowa daga Jamhuriyar Nijar ta iyakar Maigatari, manoma a Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar kan shiga fargabar ɓarnar amfanin gona.

Idan saniya ta afka wa gonar gero ko wake, ba ita ake kaiwa gaban mai unguwa ko alƙali ba. Mai kiwonta ake nema, domin shi ne yake da zaɓi.

Ilhami

Masana kimiyya suna bayyana ilhami da cewa ɗabi'a ce da ake haifar dabba da ita. Ɗan maraƙi kan miƙe ya nemi nono jim kaɗan da haihuwarsa, ba tare da an koya masa ba.

Charles Darwin, a littafinsa na 1859, ya ce irin waɗannan ɗabi'u suna yaɗuwa ne saboda suna taimaka wa dabba ta rayu har ta hayayyafa. A 1973 Konrad Lorenz da Niko Tinbergen da Karl von Frisch suka sami lambar yabo ta Nobel kan nazarin halayyar dabbobi.

Mutum ma yana jin yunwa da tsoro da fushi. Sai dai masana na cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwarsa, tare da harshe da tarbiyya, su ne suka ba shi ikon hango sakamakon aiki ya kuma kame kansa. Wannan sashe ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20.

Mahangar malamai

Malaman Musulunci sun daɗe suna muhawara kan batun. Jabariyya sun ce tilasta mutum ake yi, Mu'utazilawa kuma suka ce shi ke samar da ayyukansa. Imam Ash'ari ya bi tsakiya: Allah ke halittar aiki, bawa kuma yana ɗaukar alhakin abin da ya nufa.

A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito hukuncin Manzon Allah (SAW) cewa tsaron gonaki da rana yana wuyan masu su, ɓarnar dabbobi da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya.

A wannan hukunci alhakin yana kan mai gona ko mai dabba, gwargwadon wanda ya yi sakaci.