Daga Ƙwaryar Goro Zuwa Ledar Madara: Girman Kaya Da Farashinsa A Tarihinmu

Jama'ar Sabo, akwai abin da muke gani kullum a kasuwa ba mu cika tsayawa mu tambayi dalilinsa ba. Takalmi lamba 39 da lamba 44 kuɗinsu ɗaya, amma goro babba sai ya ninka ƙarami a farashi. Ƙosai kuwa kuɗinsa na nan yadda yake, shi ne dai yake ta ramewa. Bayanin wannan yana cikin sana'o'in da suka kawo kakanninmu ƙasar Yarbawa.

Mu fara da goro, tunda shi ne uban tafiya. Tun kafin zuwan Turawa, fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suna haɗa ayari daga Kano zuwa Gwanja, su yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu, su saro goro a kasuwar Salaga. Goro ƙirga shi ake yi, ɗari shi ne ƙwarya. To amma jaki bai san ƙidaya ba, nauyi ya sani. In an ɗora masa manyan goro, ƙwarya kaɗan zai ɗauka, in ƙanana ne ya ɗauki da yawa. Ke nan kowane babban goro ya ci kuɗin hanya fiye da ƙarami tun kafin ya iso. Ga shi kuma manyan ba su da yawa a cikin kaya. Shi ya sa ake zama a tsince shi, a ware marsa daban, minu daban, kowanne da kuɗinsa.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi na jaki ƙarfi. Goron da za a kai gaisuwar sarki ko neman aure ido ne yake fara cinsa kafin baki. Mai saye girma yake nema, na goron da na kansa, don haka yakan biya abin da ya wuce nauyin goron nesa ba kusa ba.

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 hanyar Gwanja ta yi rauni. Manoman Yarbawa a wajejen Agege da Ota da Shagamu suka rungumi shukar irin goron nan, wanda har yau suke kira gbanja. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, aka kafa Sabo a 1916. Jaki ya sauka, tarago ya hau, daga baya tirela ta karɓa, amma tsintar goro a ware babba da ƙarami ba ta canza ba, domin masu biki ba su canza ba.

Haka abin yake a kara. Masu gida da dillalan Sabo sun yi shekaru suna sayar da shanu ga mahauta ba tare da sikeli ba. Mahauci zai zagaya sa, ya dafa tozo, ya duba cinya, ya ƙiyasta naman da zai fita. A nan farashi yana bin girma sau da ƙafa, domin nama ake saye. Amma ku dubi ragon layya. Kwana uku kafin Sallah, rago mai ƙaho da kyan gashi zai yi kuɗin da namansa bai kai ba, bayan Sallah da mako ɗaya kuma ya sauko. Ragon bai rame ba, masu kallo ne suka watse.

To ina kayan da girmansu bai taɓa farashi ba? Ku tambayi mai hula. Hular mai babban kai da ta mai ƙaramin kai bambancin zarensu kaɗan ne, abin da ake biya shi ne kwanakin da mai ɗinki ya yi yana soka allura. Tela ma haka: siriri da mai ƙiba kuɗin ɗinkinsu ɗaya, a wajen yadi ne mai ƙiba yake jin jiki. Kamfanin takalmi kuwa injinsa ɗaya, ma'aikatansa ɗaya, kwalinsa ɗaya, ɗan ƙarin roba bai kai a buɗe masa sabon lissafi ba. Sai a raba kuɗin daidai, mai ƙaramar ƙafa ya ɗan tallafa wa mai babba bai sani ba.

Kashi na uku shi ne inda kuɗi ke tsaye, kaya ke motsi. Dattawanmu sun san zamanin anini da ɗari da kwabo da taro da sisi. Mai ƙosai ba ta da yadda za ta ƙara rabin anini, sai ta rage ƙullu a ludayi. Da aka canza kuɗi zuwa naira a Janairun 1973, sule ya zama kwabo goma, amma dabarar ba ta mutu ba. Har gobe mai tumatir kashi yake ragewa, mai tsire ya sirance yanka, gidan burodi ya rage nauyi. Gyara ma, wadda Yarbawa ke cewa jara, hanya ce ta ƙara kaya ba tare da an taɓa farashi ba.

Ma'auni ma yana motsi. A Arewa mun saba da mudu da tiya, a Ibadan muka tarar da kongo, a Legas kuma derika, wadda ta samo sunanta daga gwangwanin tumatirin De Rica. Ba hukumar da ta tsaya kan girman kowane kwano a kowace rumfa, shi ya sa wani kan buga gindin mudu ya shige ciki. Rage kashi a fili ciniki ne, mai saye yana gani da idonsa. Tauye mudu kuwa ha'inci ne, kuma mun san akwai sura guda a Alƙur'ani da ta yi kashedi a kansa.

Sabon babi ya buɗe bayan tsarin SAP na 1986, lokacin da naira ta faɗi, gwangwanin madara ya fi ƙarfin talaka. A 1993 madarar Cowbell ta shigo a 'yar ƙaramar leda, sauran kamfanoni suka bi sahu da omo da man gyaɗa da tumatir. Abin ya taimaka, ba a musu, mai shayi da uwar gida sun samu na yau. Sai dai kowace leda tana da kuɗin bugawa da na liƙewa da ribar mai shago, don haka sau da yawa wanda ya sayi ƙanana talatin a wata ya biya fiye da wanda ya ɗauki babba ɗaya.

Kun ga yadda abin ya juya. A zamanin goro, mai hali ne yake biyan ƙari saboda yana son babba. A zamanin leda, marar hali ne yake biyan ƙari saboda ƙarami kawai yake iya saye. Yawancinmu a unguwar nan abin da muka samu yau shi muke ci yau, ke nan mu ne masu biyan wannan ƙarin.

Kakanninmu ba su taɓa zuwa Gwanja ɗaya-ɗaya ba, ayari suke yi. Gida biyar in suka haɗa kuɗi kamar adashi, suka ɗauki buhun shinkafa ko katan ɗin madara a Bodija, suka raba da kwano ɗaya a gaban kowa, ribar leda ta dawo aljihunsu. Kafin a biya kuma, a juya kaya a duba giram nawa aka rubuta, a raba da kuɗin, domin wani lokaci babban ma ba ya fin araha.