Amsar Wasiƙunku: Tarihin Aikin Kula da Injin Wuta a Nijeriya

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani matashi mai sauraronmu a Yelwan Yawuri, cikin Jihar Kebbi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce ya gama ƙaramar difloma a fannin lantarki, kuma an kira shi wata tashar samar da wuta a matsayin mai koyon aikin kula da injuna. Sai dai mahaifinsa bai yi na'am ba, wai yaya za a yi yaro ya yi karatu har kwaleji, sannan ya koma gadin inji da shafa giris, yana kwana a wurin aiki kamar maigadi. Don haka yake roƙon mu ba shi tarihin wannan aiki: yaushe aka fara shi a ƙasar nan, su wa suka yi shi, kuma ina yake kai mutum.

To, ƙanena, mun gode da wannan takarda. Ka gaida mana Baba, ka ce masa maganarsa tana da tushe, don kuwa akwai zamanin da aikin ɗan ƙasa a tashar wuta bai wuce abin da ya faɗa ba. Amma bari mu ɗauko zancen daga farko.

Wutar lantarki ta fara shigowa Nijeriya ne ta Ikko, a ƙarshen shekarun 1890, da wasu ƙananan injuna da ke haskaka gidajen gwamnati da 'yan tituna. Ma'aikatar ayyuka, wato PWD, ita ke kula da su. A nan Arewa kuwa, haƙar kuza ce ta jawo wuta mai yawa. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya yi amfani da gangarar ruwan Kurra a kan tsaunukan Jos don ba wa ma'adinai wuta. Kazalika hukumomin En'e na Kano da Katsina sun mallaki nasu injunan. A duk waɗannan wurare Bature ne injiniya, shi ke tayar da inji, shi ke kashe shi. Ɗan ƙasa sai ɗaukar kwanon giris, da share mai, da zuba gawayin kwal a tukunyar tururi inda ake amfani da shi. Wanda ya yi ido, ya daɗe yana kallon hannun Bature, sai a ɗaga shi ya zama fita. Wannan shi ne hoton da ke cikin zuciyar dattawanmu, kuma ba ƙarya suka gani ba.

Abin ya fara sauyawa ne da dokar 1950, wadda ta kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, ta soma aiki a 1951, ta tattara tashoshin gwamnati da na En'e a hannu ɗaya. Mulkin kai na ƙaratowa, Turawa na shirin tafiya, dole a sami masu riƙe injunan. Sai aka shiga ɗibar yara daga makarantun koyon sana'a irin ta Bukuru, da kwalejojin fasaha na Yaba da Kaduna, su zauna jarrabawar City and Guilds ta Ingila, a tura su tashoshi irin su Ijora a Ikko da Oji River kusa da Inugu, wadda aka buɗe a 1956 tana ƙona kwal. Daga nan ne kula da inji ya zama sana'a mai matakai da takardar shaida.

Sai kuma babban lamari, wanda ku mutanen Yawuri kuka fi ni saninsa. A 1962 aka kafa hukumar madatsun Kogin Kwara, a 1964 Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashin madatsar Kainji, wani rukunin kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ya yi ginin, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya cinye tsohon garin Busa da ƙauyuka da gungaye masu yawa har zuwa ƙasar Yawuri, aka tayar da mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Wurin injuna 12 aka tanada, amma 8 aka saka, masu ƙarfin megawat 760 gaba ɗaya. A 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsu, aka haifi NEPA. Ita ce ta gina Jebba da Egbin a tsakiyar shekarun 1980, da Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990. Har birnin Yamai ma an ja layi daga Birnin Kebbi tun cikin shekarun 1970.

A zamanin NEPA hanya a buɗe take ƙarara. Hukuma ta ɗauke ka da takardar sakandare ko ta makarantar sana'a, ta kai ka makarantarta ta horo, akwai a Kainji, akwai a Ijora, akwai a Afam, tana biyanka alawus kana koyo. In ka fito a haɗa ka da wani tsohon hannu, ka bi shi duti safe, rana, dare. Daga mataimakin mai kula da inji ka zama mai kula da inji, daga nan ɗakin sarrafawa, daga nan shugaban duti.

Yanzu me ake koyo a ƙasan nan da Baba ke rainawa? A tashar ruwa, ruwan tafki ne ke gangarowa ta wata ƙatuwar hanya ya bugi farfela, farfela ta juya sanda, sanda ta juya janareta. Shi ke nan asalin abin. Amma ƙarfe mai nauyin tan ɗaruruwa da ke juyawa dare da rana ba ya son wasa. Mai koyo shi ake ba wa littafin rajista ya zaga kowace awa, ya rubuta zafin boris, da ƙarfin mai, da ruwan sanyaya inji, da tsayin ruwan tafki. Da farko za ka ga kamar aikin banza ne, lamba iri ɗaya yau da gobe. Amfaninsa shi ne ranar da lambar ta ɗan gota kaɗan, idonka ya riga ya san ba haka take ba. Ni da kaina, lokacin da nake koyarwa a firamare kafin in shigo rediyo, na taɓa raka ɗalibai ziyara wata tashar ruwa. Dattijon da ya zaga da mu ya dafa jikin inji da tafin hannu, ya ce mini: "Malam, kafin agogon bango ya faɗa mini akwai matsala, hannuna da kunnena sun riga sun faɗa mini." Wannan ilimin babu shi a littafin difloma, kuma ba a samunsa a zaune cikin ofis.

Akwai kuma abin da ba a barin mai koyo ya taɓa sai ya ƙware, wato haɗa inji da babban layin ƙasa. Wutar Nijeriya tana kaɗawa ne sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma duk injunan da ke kan layi, daga Kainji har Egbin, dole su tafi da taki ɗaya kamar masu daka a turmi guda. Kafin a shigar da sabon inji sai an daidaita gudunsa da ƙarfin wutarsa da takinsa da na layin. In an rufe makunni a kan kuskure, ana iya lalata injin da gyaransa zai ci watanni. Umarnin ƙara wuta ko rage ta kuwa daga cibiyar kula da layin ƙasa da ke Oshogbo yake zuwa. In masu jan wuta suka fi abin da injuna ke bayarwa, takin ya faɗi, injuna su riƙa fita ɗaya bayan ɗaya don kare kansu. Wannan shi ne abin da kuke ji muna karantawa a labarai cewa babban layin ƙasa ya durƙushe. A irin wannan dare, mutumin da ke duti shi zai tayar da inji daga duhu, kuma tashoshin ruwa ake fara dubawa saboda sun fi saurin tashi.

Daɗin daɗawa, mai aikin Kainji sai ya san kogi. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na damunarmu ta nan kusa, wajajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, lakarsa ta kwanta, ya iso mana cikin hunturu. Da waɗannan biyun ake lissafin ruwan da za a riƙe da wanda za a saki. Kai da ka tashi cikin Sarkawa da Gungawa, ai wannan karatun ka fara shi tun a gida.

To amma fa kada in ɓoye maka, zamanin NEPA ya wuce. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta mayar da ita PHCN, aka rarraba ta kamfani-kamfani, sannan a watan Nuwamba na 2013 aka miƙa tashoshi da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Kamfanin Mainstream ya karɓi Kainji da Jebba, North South Power ya karɓi Shiroro, gwamnati ta riƙe manyan layuka a ƙarƙashin TCN. An sallami dubban ma'aikata aka biya su haƙƙinsu, wasu aka sake ɗaukarsu, wasu suka tafi da iliminsu gida. Tsoffin makarantun horo kuwa sun koma hannun cibiyar NAPTIN da aka kafa a 2009. A ganina babbar asarar da aka yi ita ce ta waccan hanya da hukuma ke ɗaukar yaro ta raine shi tun daga tushe. Yau kai ne za ka zo da takardarka, ko ta NABTEB, ko ta gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, ko difloma irin taka, sannan ka yi ta neman ƙofa. Shi ya sa da na karanta cewa an kira ka, na ce wannan yaro ya taki sa'a, don irin wannan gurbi ba kullum yake faɗowa ba.

Saboda haka shawarata, ka karɓa. Amma kafin ka sa hannu ka karanta takardar da kyau: wata nawa ne horon, me za a biya ka a cikinsa, kuma akwai alkawarin tabbatar da kai in ka gama ko babu? Ka tambayi batun kayan kariya, musamman na toshe kunne, don ƙarar ɗakin injuna tana cin ji a hankali. Kada ka taɓa sa hannu a kan wani inji sai an ba ka takardar izinin aiki, an kashe shi an kulle, ko da wa ya ce ka yi sauri. Kuma ka sa a ranka za ka koma ka yi babbar difloma, don akwai matakin da ƙaramar ba ta haye shi.

Shi kuwa Baba, ka faɗa masa giris ɗin gaskiya ne, kwanan dutin ma gaskiya ne, har ranar Salla wani lokaci. In hali ya yi, ka nemi izini ka kai shi ya ga ɗakin sarrafawa da idonsa, ya ga kujerar da matakalar ke kaiwa. Allah Ya ba da sa'a, kuma muna jiran takardarka in ka gama watanni shida na farko.